Kwana huɗu a taron likitocin mata a Dablin: ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Tun ranar da na koma bakin aiki a Gombe, kusan duk abokin aikin da muka yi kiciɓis da shi a barandar ɗakin haihuwa tambaya ɗaya yake yi mini bayan barka da dawowa, wato ko tafiyar ta cancanci kuɗin da ta ci. Da gaske suke tambayar, domin yawancinsu ƙananan likitoci ne masu neman ƙwarewa, waɗanda aka sha gaya musu cewa gabatar da takarda a taron ƙasar waje yana ƙara wa mutum nauyi idan an zo ƙarin girma, kuma kowannensu ya san cewa in ya ɗaura wannan niyya, sai ya kwashi adashensa ko ya sayar da fili. Taron da na halarta na likitocin mata da ungozomomi ne, na kwana huɗu, wata ƙungiyar ƙwararru ta Turai ce ta shirya shi a watan Yuni, a wani babban otal da ke Dablin, babban birnin ƙasar Ayilan. Shi ne karo na farko da aiki ya fitar da ni wajen Afirka, kuma Hausawa sun ce baƙo ko da idonsa makaho ne, to amma tun da na biya kuɗin rajista kamar kowa, ina ganin ina da damar auna abin da aka sayar mini.

Rajistar ta intanet ake yin ta, kuma a nan na fara shan wahala. Katin bankina na naira ya ƙi wucewa, sai da na nemi ƙanena da ke aiki a Ingila ya biya, ni kuma na tura wa mahaifiyarmu kwatankwacin kuɗin a nan gida. Bayan an biya ne na gano cewa akwai rangwame ga likitocin da suka fito daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, amma an binne sanarwar a can ƙasan wani shafi da ba kowa ne zai kai gare shi ba, kuma da na rubuta musu, amsar da ta zo cike take da ladabi da ban haƙuri, sai dai ba ta dawo mini da ko sisi ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne takardar gayyata. Sau uku ina aika saƙo kafin ta iso, alhali ba a karɓar takardun biza sai da ita. Ya kamata mai niyyar tafiya ya sani cewa Ayilan tana cikin Tarayyar Turai, kuma da yuro take ciniki, amma ba ta cikin tsarin bizar bai-ɗaya ta Shengen, haka nan bizar Ingila ba ta shigar da ɗan Nijeriya Dablin. Biza tata ce daban, ana cike fom ɗinta ta intanet, kuɗin ta shiga sau ɗaya yuro 60 ne, ana ɗaukar hoton yatsu, ana neman wasiƙar wurin aiki da bayanin asusun banki na wata shida, kuma su da kansu suna ba da shawarar a ba aikin kamar mako takwas. Masu shirya taron sun sanar da takardun binciken da suka karɓa a ƙurarren lokaci, irin lokacin da ya ishi wanda zai taso daga Faransa ko Jamus da fasfo kawai a aljihu. Ni Allah Ya taimake ni bizata ta fito saura kwana tara, amma a zauren baje takardu na ƙirga alluna uku na 'yan Afirka da suka kwana huɗu babu komai a jikinsu sai lamba da suna.

Babu jirgin da ke tashi daga Nijeriya kai tsaye zuwa Dablin. Daga filin jirgin sama na Lawanti na tashi zuwa Abuja, daga nan Istanbul, inda na yi zaman jira na sa'o'i, sannan Dablin. Daren da zan tafi, Inna ta aiko mini da ƙullin kilishi da dambun nama, ta ce ba ta yarda da abincin Turawa ba. Na ce mata, "Inna, ki yi haƙuri, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara daga waje, ƙwacewa za su yi." Ta ce, "To, ke kika sani, ki je ki ci ganye." Garin kunun gyaɗa da dabino kaɗai na saka a jaka, kuma daga baya na gode wa Allah da na yi hakan. Abubuwa biyu sun sauƙaƙa mini saukar: a lokacin bazararsu agogonsu daidai yake da namu, ba sai na juya komai ba, kuma soket ɗin wutarsu mai ƙafa uku ne irin na gida. Tuƙi kuwa ta hagu suke yi, saboda haka duk tsallaka titi sai na tsaya na yi tunanin ɓangaren da zan duba. Allunan hanya harshe biyu ne, nasu na gado a sama, Turanci a ƙasa, kuma sunan birnin a harshensu bai yi kama da Dablin ba ko kaɗan.

Ta fuskar tsari, ban ga abin kushewa ba. An rubuta za a buɗe taro ƙarfe 8:30, kuma ƙarfe 8:30 shugabar ƙungiyar ta tsaya a gaban lasifika, ta yi maraba da mutane a cikin minti biyar, ta zauna. Babu babban baƙo na musamman da ake jira, babu uban taro, babu jerin sunayen da za a yi ta karantawa ana tafi. Na tuna taronmu na shiyya da muka yi a Bauchi, inda muka zauna daga hantsi har azahar muna jiran mai buɗe taro, har aka ce masu gabatar da bincike kowa ya taƙaita a minti uku. A Dablin minti goma sha biyu aka ba kowa, akwai 'yar fitila a gaban mai magana wadda ke juyewa ja idan lokaci ya cika, kuma na ga an katse wani farfesa mai furfura a tsakiyar jimla, ya yi dariya ya sauka. Tsarin jawabai yana cikin manhajar waya, ana sauya ɗaki za ta sanar da kai, intanet bai yanke ba ko sau ɗaya, kuma takardar shaidar halarta ta shigo akwatin saƙona tun ina filin jirgi a hanyar dawowa.

Mutanen su ma sun ba ni mamaki, domin na tafi da zaton zan tarar da irin kamewar da ake ba da labarin Turawan Ingila da ita. 'Yan Ayilan masu son hira ne ƙwarai, direban tasi zai tambaye ka garinku da yawan 'ya'yanka kafin ku kai mahaɗa ta biyu, kuma duk hira da zancen ruwan sama take farawa, wanda a kwana shida da na yi bai taɓa tsallake yini ba, ko da yayyafi ne. Abin da ya yi mini nauyi shi ne kiran suna. Ƙaramar likita za ta kira shugaban sashenta da sunansa na yanka, gatsal, ba Farfesa ba Yallaɓai, shi kuma ya amsa. Ni da ko mijina ba na kiran sunansa, sai na riƙa kewaye-kewaye ina cewa Farfesa, har wata dattijuwa ta dafa ni ta ce idan na ci gaba da haka za ta ɗauka fushi nake yi da ita. Game da musabiha da maza, dafa ƙirji da murmushi ya wadatar, ban ga wanda ya sauya fuska ba. Turancinsu kuwa sai an kasa kunne sosai. Na Dablin da sauƙi, amma wani likita daga kudancin ƙasar ya yi jawabin da na tabbata rabinsa ya wuce ni, saboda sauri da yadda muryarsa ke hawa tana sauka kamar mai rera waƙa, kuma masu shirya taron ba su tanadi rubutun magana a allo ba, alhali na'urar yin hakan ba ta gagare su ba.

Asalin hajar da aka sayar mana ita ce ilimin da ke cikin jawaban, kuma a nan ra'ayina ya rabu biyu. Kusan kashi biyu bisa uku na abin da aka tattauna ya shafi duniyar da ba tawa ba: tiyata da na'ura mai hannuwa wadda likita ke sarrafawa daga kujera, gwajin ƙwayoyin halittar ɗan tayi daga jinin uwa, haihuwa bayan shekara arba'in ta hanyar dashe, da yadda za a rage yawan fiɗa. Wannan na ƙarshe ya sa ni murmushi mai ɗaci. A Ayilan fiye da kashi ɗaya bisa uku na jarirai ta tiyata ake ciro su, kuma abin ya dame su, mu kuwa a Nijeriya binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna ba mu kai 3 cikin 100 ba, ba don matanmu sun fi iya naƙuda ba, sai don wadda take buƙatar tiyatar ba ta isowa inda za a yi mata, ko ta iso ba jini, ko miji ya tafi neman kuɗi. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a cikin kowace haihuwa 100,000 muna rasa mata wajen 1,000, su kuwa ba su kai 10 ba. Jijjigar masu ciki, wadda ba na yin mako ban gan ta ba, su a hoton bidiyo ake nuna wa ɗalibansu ita. Doguwar naƙuda da yoyon fitsari ba su samu ko zama ɗaya ba a cikin tsarin. Taron Turai ne, ban ce su bar damuwarsu su ɗauki tamu ba, amma tun da sun tallata shi a matsayin na duniya, kuma sun karɓi kuɗinmu a kan haka, ya kamata a ce an ware mana ko da rabin yini.

Duk da haka, zama biyu sun fanshi tafiyar. Na farko a kan zubar jini bayan haihuwa ne, kuma abin kunya da alfahari a lokaci guda shi ne, sai da na je Dablin na ji cikakken bayanin aikin da aka yi wani ɓangarensa a arewacin Nijeriya. Binciken E-MOTIVE, wanda aka wallafa a 2023, an gudanar da shi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren ƙasarmu. Dabarar ba ta da wani ƙyale-ƙyale. Ana shimfiɗa wa mai jego leda mai aljihu da ma'auni a jikinta, jinin ya riƙa taruwa inda za a karanta adadinsa, kuma da zarar ya kai iyakar da aka gindaya, ba a bin matakai ɗaya bayan ɗaya ana jiran a ga wanda zai yi aiki, gaba ɗaya ake yin su: murza mahaifa, allurar oksitosin mai sa mahaifa ta matse, allurar tsayar da jini ta tiranekzamik, ƙarin ruwa, duba inda jinin ke fitowa, da kiran na gaba idan abin ya ƙi. Mummunan sakamako ya ragu da kashi 60 cikin 100. Mukan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a ɗakin haihuwa wannan karin magana ta ci rayuka, domin jinin da ya jiƙa zani biyu ya gangara ƙarƙashin gado, ido rabinsa yake gani. An kuma taɓo matsalar oksitosin, wanda ke son sanyin firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, abin da duk wanda ya yi aiki a Nafada ko Dukku a watan Afrilu ya san ba a cika samu ba, da kuma wata allura, karbetosin mai jure zafi, wanda binciken 2018 ya nuna yana kare zubar jini kamar oksitosin.

Zama na biyu shi ne ya fi tsaya mini a rai, kuma wata ungozoma ce ta gabatar da shi, ba farfesa ba. Ta fara da labarin Savita Halappanavar, likitar haƙori 'yar asalin Indiya mai shekara 31, wadda ta rasu a birnin Galway na ƙasar Ayilan a watan Oktoba na 2012, tana da cikin mako 17, bayan ƙwayoyin cuta sun shiga jininta a lokacin ɓari. Rasuwar ta tayar da muhawara mai zafi a kan dokar zubar da ciki ta ƙasar, wadda ta kai su ga ƙuri'ar raba gardama a 2018, amma ungozomar ba nan ta dosa ba. Abin da ta tsaya a kai shi ne abin da binciken hukuma ya gano, cewa alamomin tsananin ciwo sun bayyana a hankali, ba a bibiye su yadda ya kamata ba, kuma ba a haɗa su wuri ɗaya an ga inda suka nufa ba. Daga 2013 sai ƙasar ta ɗauki takardar lura guda ɗaya ga duk mai ciki ko mai jego da aka kwantar, a kowane asibiti.

An raba mana takardar, na riƙe ta a hannuna na daɗe ina dubawa. Shafi ɗaya ne mai layuka: numfashi, zafin jiki, bugun zuciya, awon jini na sama da na ƙasa, fitsari, da yanayin hayyacin mara lafiya. Kowane layi yana da fili fari, da fili rawaya, da fili ruwan hoda. Idan adadin da nas ta rubuta ya faɗa a rawaya guda ɗaya, za ta sake awo cikin awa ɗaya. Idan rawaya biyu ne ko ruwan hoda ɗaya, dole ta kira likita, idan kuma sun fi haka, dole likitan ya zo nan take. Hikimar da na gani a ciki ita ce takardar ta ɗauke wa ƙaramar nas nauyin shawara. Duk wanda ya yi aikin dare a asibitocinmu ya san yadda yarinya sabuwar ɗauka take tsayawa a ƙofar ɗakin likita ƙarfe uku na dare tana jin nauyin ƙwanƙwasawa, tana tsoron a ce ta tashe shi a banza. Idan takarda ce ta ce a kira, ba ita ta kira ba. Na zauna a wurin ina lissafin matan da na rufe wa fuska a shekarun aikina, waɗanda idan aka buɗe fayil ɗinsu za a ga bugun zuciya yana hawa tun la'asar, kowa ya rubuta nasa ya wuce. Mace ɗaya ta rasu a Ayilan ƙasa ta girgiza har aka sauya tsari, mu kuwa mukan yi wa dangi ta'aziyya, mu ce kwana ya ƙare, mu gyara gadon saboda wata tana jira a benci. Imani da ƙaddara bai hana a buɗe fayil a duba inda aka yi sakaci ba.

Wannan ɗabi'a ta ƙirga komai tsohuwa ce a wurinsu. A rana ta uku an kai mu ziyara ɗaya daga cikin manyan asibitocin haihuwa uku na birnin, kuma abin da suka fara nuna mana rahotonsu na shekara ne, littafi guda mai ɗauke da adadin haihuwa da tiyata da duk jaririn da aka rasa da dalilinsa, wanda takwarorinsu ke zama su tattauna a fili. Kowane ɗayan asibitocin uku likita ɗaya ne ke shugabantarsa na wa'adin shekara bakwai. A Dablin ne Kieran O'Driscoll ya fito da tsarin kula da naƙudar fari a shekarun 1960, mai alƙawarta wa mace cewa ba za ta wuce awa 12 ba, kuma ungozoma ɗaya za ta tsaya a kanta, Michael Robson kuma, wanda ya daɗe yana aiki a birnin, shi ne ya tsara rabon masu haihuwa gida goma don a gane inda tiyata ke yawa, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2015. Da yamma na taka da ƙafa na ga asibitin Rotunda, wanda Bartholomew Mosse ya kafa a 1745 saboda matan talakawa, kuma har yau ana haihuwa a cikinsa. Sunayen da muka haddace a makarantar likitanci, Graves na ciwon maƙoƙo, Colles na karayar wuyan hannu, Stokes da Corrigan, duk likitocin wannan birni ne, haka ma Denis Burkitt, wanda ya yi karatu a Kwalejin Trinity kafin ya bayyana sankarar muƙamuƙin yara a Yuganda a 1958. Ziyarar awa biyu ce kacal, mutum ashirin kaɗai aka ɗauka, kuma a ganina ta fi wasu yini guda na jawabai amfani. Su ma ba su ɓoye nasu ciwon ba: sun yi ta kukan ƙarancin gadaje, da marasa lafiya masu kwana a kan gadon turawa a baranda, da matasan likitocinsu da ke tsere zuwa Ostareliya, gurbin da 'yan Sudan da Pakistan da 'yan ƙasarmu suke cikewa.

Abinci kuwa, Inna ta fi ni gaskiya. Fom ɗin rajista ya tambayi abin da mutum ba ya ci, na rubuta halal, amma da aka zo rabo sai aka haɗa ni da masu cin ganye zalla, kwana huɗu ina fama da latas da dankalin Turawa da wani burodi mai ruwan ƙasa wanda, in faɗi gaskiya, yana da daɗi da man shanu. Karin kumallon otal ɗin da na sauka sai an yi hattara, domin naman alade iri-iri ne a jere, har da wani baƙin abu mai kama da ƙosai wanda da jini ake yin sa, kuma cokalin da aka ɗebi wannan da shi ake ɗiban wancan. Ƙwai dafaffe da shayi na riƙa sha, da dare kuma na dama kununa da butar lantarkin ɗaki. Shayinsu dai ba a magana, mai kauri ne, da madara, kuma ba ya yankewa a zauren. Wurin salla babu shi a tsarin, amma da na tambayi wata ma'aikaciyar otal ɗin taron, ba ta yi wata-wata ba ta buɗe mana wani ƙaramin ɗaki, ta kawo tawul masu tsabta, washegari kuma na tarar ta liƙa takarda a ƙofa. Mu kusan goma sha biyar muka riƙa amfani da shi, 'yan Sudan da Masar da Malesiya, kuma a ɗakin nan na yi sanayyar da ta fi kowace amfani. Lokutan sallar su ne suka wahalar da ni, domin a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 10 na dare, kafin ƙarfe 5 kuma ta fito, tsakanin lisha da asuba ɗan taƙi ne. Ranar Juma'a mazan cikinmu sun je masallacin da ke titin South Circular, wanda asalinsa coci ne kafin Musulmi su saye shi a 1983.

Liyafar dare, wadda aka karɓi kuɗinta daban, ita ce asarar da na yi da idona a buɗe. A mashaya aka fara ta, a kan giya aka gina ta, kuma ko da yake ba wanda ya matsa mini, har lemo aka yi ta kawo mini ana ba ni haƙuri, hayaniya da kiɗa ba su bari an ji magana ba. A can ne manya ke ƙulla haɗin gwiwar bincike, wanda ba ya sha kuwa yana gefe. Riba ɗaya na samu. Wata tsohuwar ungozoma da ta ji daga inda na fito ta matso kusa da ni, ta ce ƙanwar mahaifiyarta ta yi shekaru tana aikin jinya a kudancin Nijeriya tare da 'yan mishan, ta kuma ambaci Dakta Ann Ward, likitar Ayilan da ta shafe shekaru tana ɗinkin yoyon fitsari a Itam ta jihar Akwa Ibom. Na ba ta labarin cibiyar yoyon fitsari ta ƙasa da ke Ningi a jihar Bauchi, da irin matan da muke turawa can. Da yawa daga cikin dattawansu suna da dangin da suka yi koyarwa ko jinya a ƙasarmu, shi ya sa sunan Nijeriya ba baƙo ba ne a kunnensu.

Tsadar Dablin ba ta da kyau. Ɗakin da na kama ƙarami ne, da ƙyar ake shimfiɗa darduma a gefen gado, amma kuɗin kwana biyar ɗinsa ya kusa kamo kuɗin jirgi, kuma otal-otal ɗin da masu taron suka ba da shawara sun fi shi tsada nesa ba kusa ba. Katin sufuri na Leap, wanda ke aiki a bas da jirgin cikin gari na Luas, shi ya rage mini kashe kuɗin tasi. Idan aka haɗa rajista da biza da jirgi da masauki, abin ya haura albashina na watanni, kuma ba don wani tallafi da ya ɗauke mini kuɗin jirgi ba, da ban je ba. Shawarar da nake ba ƙananan likitocinmu ita ce, wanda ya samu mai ɗaukar nauyi, kuma aka karɓi takardarsa, ya je, ya nemi rangwamen tun kafin ya biya, ya matsa a ba shi takardar gayyata a makon farko, ya sa sunansa a ziyarar asibiti tun kafin gurbi ya cike, ya bar liyafar. Wanda kuwa zai sayar da fili don takardar shaidar halarta kawai, ya riƙe filinsa, ya biya kuɗin kallon taron ta intanet, domin jawaban duk ana ɗora su.

Mako biyu da dawowata na kai takardar lurar nan wani shagon buga takardu a Jekadafari. Kwafin farko baƙi da fari ya fito, rawaya da ruwan hoda duk suka koma toka-toka, amfanin takardar ya tafi, bugun launi kuwa kuɗinsa ya ninka sau da yawa, kuma babu wannan a kasafin sashenmu. Na kai wa babbar ungozomarmu, wadda ta girme ni a aiki da shekara goma sha biyar, na yi mata bayani. Ta sa tabarau ta duba ta sama da ƙasa, ta ce, "Likita, takarda ta yi kyau, amma ma'aunin zafi biyu gare mu a ɗaki mai gado ashirin da huɗu, kuma da dare nas biyu ne." Na ce, "Mama, mu fara da gado shida na waɗanda aka yi wa tiyata, mu ga abin da wata ɗaya zai nuna." Ta yi shiru, sannan ta aiki ɗaya daga cikin ɗalibai kasuwa ta sayo alƙaluman launi guda biyu, rawaya da ruwan hoda. Ranar Litinin da na shigo zagayen safe, na tarar da ɗalibai uku a teburin nas da rula, suna shafa wa kwafi hamsin launi layi bayan layi, Mama tana tsaye a kansu tana nuna wa ɗaya cewa ta zarce da rawaya cikin layin numfashi, ta ɗauki sabuwa ta sake.